Tumatir a Gonar Alkama

Wari ne ya riga labari shigowa Tudun Makera. Muna fitowa daga sallar asuba ranar Talata kowa ya toshe hanci, ana harare-harare, kowa na zargin masan maƙwabcinsa. Kafin rana ta ɗaga aka gano abin da ya faru. Gaɓar tafkin farko na Matata ce ta ɓalle, ɗanyen ruwan kwata ya bi 'yar magudanar bayan gari ya malala har cikin rijiyar unguwar ƙasa. Waɗanda suka yi sammakon ɗiban ruwa sun riga sun kai gida, wasu har sun sha. Zuwa la'asar gida-gida ana amai da gudawa. Manya suka sha jiƙo suka miƙe, amma Ummi, 'yar autar Usaini manomin alkama, sai da aka goya ta a babur zuwa asibiti a Kura, wuyanta ya langaɓe.

Ga wanda bai san Matata ba, wuri ne da aka gina a gabas da gari. Can ake tara ruwan kwatar kasuwa da na sababbin gidajen ma'aikata, da abin da motocin kwasar masai ke kawowa, a bi da shi tafki-tafki har ya washe, sannan a sakar wa masu lambu da masu buga bulo. Ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, famfunan ma jan fenti aka shafa musu don kada wani ya ce bai sani ba. Tun ranar da aka aza harsashi mutanenmu ba su yarda da ita ba. Suna ɗibar ruwan dai, tunda kanal ba kullum yake kai wa na ƙarshen layi ba, amma suna ɗiba suna tsaki.

To da aka ruga wurin me aka tarar? Wayar shinge a yanke, ga shanun Jaji a ciki suna kiwo a bakin tafkin, hankalinsu kwance. Jaji Bafulatani ne, rugarsa na bayan Matata tun kafin a haifi rabin masu ihun. Nan take aka gama masa shari'a.

Ni sunana Dattijo, sunan kakana na ci, kuma bin sawu ne sana'ata. Saniya ta ɓata, an ɗauke injin ban ruwa, an yashe rumbu, ni ake nema. Da yamma mai unguwa Sammani ya aiko, na same shi a zaure yana ta juya hula a hannu.

"Dattijo, ka ji abin da samarin nan ke faɗa?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Kunnena bai mutu ba tukuna."

"Wasu har maganar ashana suke yi. Da ƙyar na lallashe su zuwa Juma'a. In an sauko za a zauna a nan, in ba ka zo da wata magana ba, Jaji zai kwashe rugarsa ya bar mana ƙasa. Gara ya tafi da ƙafarsa da a kai ga abin da ba a so."

"Wa ya ga Jaji yana yanke waya?"

"An ga shanunsa."

"To a kama shanun mana."

Ko murmushi bai yi ba. Na fito raina a jagule. Jaji abokin wasana ne, don ni jinin Barebari ne ta wajen kaka. Shekara da shekaru in mun haɗu a kasuwa sai in ce masa bawana, shi ma ya ce ni ne bawansa, mu yi ta cacar baki har masu kwandunan tumatir su taru suna dariya. Amma a aikina ba a sani ba sabo. Na ce wa kaina in sawu ya kai ni rugarsa, can zan tsaya.

*

Washegari na yi sammako zuwa Matata, na kuwa tarar da abin da na fi tsana. Duk garin sun riga ni zuwa kallo. Silifa, takalmin roba, tayar babur, har da wani mai dogara sanda, sun tattake wurin kamar an ci kasuwa. Mutanenmu ke nan! Sai sun murje sawu da ƙafafunsu sannan su aika a kira mai bin sawu.

Injiniya Saliha, wadda ta zana Matata ta kuma tsaya aka gina, tana tsaye a bakin ɓarakar da takalmin ruwa har gwiwa, idanunta jajir. Ita ma ba ta tsira ba, don masu cewa ba Jaji ba ne cewa suke yarinyar nan ta birni ce ta yi aikin algus.

"Sannu da zuwa, Baba. Ni ma tuhumata za ka yi?"

"Kowa ma zan tuhuma, 'yata. Fara gaya mini yadda abin nan yake aiki, kuma kada ki sa mini Turanci."

Ta zagaya da ni. A tafkin farko ruwan ɗanye yake, nan dauɗa ke kwantawa. A na biyu rana da iska ke dafa shi. A na uku ta dasa kacalla da gangan, ciyawar da muke kwana muna yaƙi da ita a kanal, wai saiwarta na tsotse ƙazanta. Daga nan ya ratsa yashi, a sa masa magani, ya fita ta jan famfo.

"Cutar kawai ake cirewa, Baba, takin yana nan a ciki. Na faɗa har bakina ya gaji, amma manoma da sun ga ruwa garau sai su ce ba shi da maiƙo."

"Saniya za ta iya ɓalle wannan gaɓa?"

"Ko garke guda ne ba za su iya ba, an daddaɓe ta da laka. Ta ciki ta ci. Kuma 'yan makonnin nan ina lura ruwan tafkin yana raguwa fiye da abin da rana ke sha. Na ɗauka gafiya ce ta yi rami, na sa aka duba, ba a ga komai ba."

Na ce a raina, ai dole ki ce haka, wa zai ce aikinsa ne ya ci. Na naɗe wando na sauka cikin ɓarakar, ina ambaton Allah saboda wari. A jikin ƙasar da ta rage na ga rabin wani rami mai kaurin damtse, sumul, a miƙe sak. Babu yakushin farce, babu kashin ɓera. Gafiya ba ta haƙa rami kamar da ma'auni.

Na koma wajen wayar. Filaya aka sa, ba adda ba, kuma bakin yankan ya yi tsatsa, ba na jiya ba ne. An lanƙwasa ƙarshenta kamar ƙugiya, cikin lanƙwasar yana ƙyalli, alamar an daɗe ana saƙalawa ana cirewa. Sawun shanun da ya tsira daga ƙafafun 'yan kallo kuwa a kan taɓon ambaliyar yake, wato ruwa ya riga su wucewa.

Na kira mai gadi, Ɗanladi, wanda tun zuwana yake raɓe-raɓe.

"Ina kake da asuba?"

"Masallacin gari, Baba. A nan zan yi salla? Ko'ina najasa."

"Jiya kawai, ko kullum?"

"Kullum."

"Wa ya san haka?"

Ya sosa ƙeya. "Duk wanda ke sahu."

Madalla. Wato duk garin.

Za mu fita sai na ga wani fili da ake shanya baƙin taɓon da aka kwaso daga tafkin farko, ya yi kore shar da 'ya'yan tumatir.

"Injiniya, har kin fara kasa mana tsara a noma?"

Sai a nan ta ɗan yi dariya. "Ba ni na shuka ba, Baba, mutanen gari ne. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin mutum, yadda ta shiga haka take fita, ta biyo ruwa ta zo nan. Duk inda ɗanyen ruwan nan ya taɓa sai ta tsiro. Amma ba ta wuce yashi."

Na tofar da yawu, na ce na gode da ta ɓata mini miyar dare, na wuce.

*

Daga nan rugar Jaji na nufa. Tun daga nesa na hango Iyatu, matarsa, tana kwance zanar bukka tana naɗewa.

"Salamu alaikum! Ina bawan nan nawa ya shiga?"

Jaji yana zaune a gindin gawo. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa mini buzu, bai tanka ɗayar maganar ba.

"Zauna, Dattijo."

Na zauna. Rabon da in ji sunana a bakin mutumin nan har na manta.

"Yaya shanunka suka shiga?"

"Yadda ruwa ya fita. Sun tarar a buɗe. Gari na wayewa nake sakinsu, ciyawar bakin tafkin tana da kore, ai ka san saniya."

"Kana da filaya?"

"Me zan yi da ita? Ƙaho zan cire?"

Duk da haka na tashi na duba kayan da Iyatu ta tara, na shiga garke na ɗaga ƙafafun shanun ɗaya bayan ɗaya don in gwada da sawun da na gani. Su ne, babu musu, kuma taɓon bai wuce kofato ba. Duk abin nan Jaji na kallona.

Iyatu ce ta kasa haƙuri. "Jiya na kai nono gari, Dattijo. Gidajen da na shiga haihuwarsu, na shiga mutuwarsu, ko mutum ɗaya bai ɗaga faifan ba. Wata ma ƙyaure ta turo mini."

"Ki daina kwance zanar nan tukuna, Juma'a ba ta yi ba."

"Ko ta yi, ko ba ta yi ba."

Na tambayi Jaji ko yana ganin wani na zirga-zirga wajen Matata da sassafe. Ya ce, "Ni ba na son ɗora wa wani abin da aka ɗora mini. Amma amalanken Lukmanu yana da ƙara."

*

Lukmanu ɗan ga-ruwa ne, kuma tun ranar Talata muryarsa ta fi ta kowa tashi a kan Jaji. Kafin a gina Matata shi ke kai wa masu bulo ruwa, da jan famfo ya zo suka sallame shi. Ya sha rantsewa a teburin mai shayi cewa ruwan nan najasa ne, hannunsa ba zai taɓa shi ba har ya mutu. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran taya, ga filaya a gefensa. Kai, har na ji daɗi ya kama ni.

"Ara mini wannan in gani."

"Baba Dattijo, lafiya?"

"Lafiya lau. Me ke kai ka Matata in mai gadi ya tafi masallaci?"

"Ni? Wane munafuki ne ya ce..."

"Tayarka ta hagu faci uku gare ta, na ga sawunsu a bakin titin Matata. Za ka gaya mini a nan, ko a zauren mai unguwa?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Don Allah Baba ka rufa mini asiri. Jarkoki nake cikawa a jan famfo. Kanal ya yi nisa, ƙirjina ba ya ɗauka. Masu wankin babur nake kai wa, ina ce musu na kanal ne."

"Masu sha fa?"

"Wallahi tallahi ban taɓa ba!"

Na shinshina jarkokin kaf, babu wari. Na koma na sake bin tayarsa, ta tsaya a jan famfo, wanda ke wajen shinge ta ɓangaren titi, ta juya. Haƙoran filayarsa ma sun cinye, ko zare ba za su yanke da kyau ba. Maƙaryaci ne, amma ba shi nake nema ba, kuma wallahi na ji haushin hakan. Abu ɗaya na samu a bakinsa: ya ce ya sha jin motsi ta wajen tafkin farko, ya ɗauka Ɗanladi ne ya dawo, sai ya tura amalanke ya gudu.

*

Ranar Alhamis na hau mota zuwa Kura dubo yarinyar. Usaini na zaune a waje ƙarƙashin darbejiya, ya rame kamar shi ne majinyacin. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa faɗa da kowa ba, kuma ko sau ɗaya ba a ji shi cikin masu zagin Jaji ba.

"Ya mai jiki, Usaini?"

"Da sauƙi, Baba. An ce ruwan da ake ƙara mata ya fara karɓa."

"Kai wa kake zargi?"

"Ni ban zargi kowa ba. Ƙaddara ce. Da ma a bar maganar nan haka, Baba, tone-tonen ba zai ƙara mata lafiya ba. In Jaji ya tafi ƙura ta lafa, shi ke nan."

Na ɗauka zafin ciwon 'ya ne ke magana. Na shiga ciki. Ummi na kwance, idanu sun zurma, uwarta Kubra na mata fifita. Da ta gan ni sai hawaye.

"Da hannuna na ɗebo ruwan, Baba. Malam ya fita gona tun da duhu, na ce bari in yi sammako kafin layi. Na ji ɗan wari, na ɗauka iska ce ta kawo. Da hannuna na dama mata koko da shi."

"Ba laifinki ba ne, 'yata."

"To shi me ya sa ba ya shigowa? Tun da muka zo bai dubi fuskarta ba. Ni yake jin haushi, na sani."

Na ba ta haƙuri na fito. Manomi ya fita gona da duhu ba abin mamaki ba ne a ƙasar ban ruwa, don haka ban riƙe maganar ba. Kukan matar ne ya biyo ni har mota.

*

Na sauka a kan titi na yanke ta cikin gonaki, ina tafe ina zagin kaina. Gobe Juma'a, abin da ke hannuna kawai shi ne wanda bai yi ba, kuma samarin Tudun Makera ba za su ƙoshi da wannan ba. Sai maganar Injiniya ta dawo mini, wai ruwan tafkin yana raguwa. Rami sumul mai kaurin damtse ai gurbin tiyo ne. Wani ya soka tiyo ta cikin gaɓa yana jan ɗanyen ruwan, ruwan ya bi jikin tiyon yana cin laka har ta ɓalle. To ina yake kai shi? Kwana biyu ina neman sawun mutum inda aka tattake, alhali abin da aka sata ma yana da inda ya bi.

Na bar ɓangaren da ambaliya ta bi, na zagaya kudu da tafkin, inda ƙasa ta gangara. Bana taki ya gagari mutane, alkamar kowa ta yi fari-fari, gajera. Na wuce gona, na wuce gona, sai ga wata a bayan layin rake, kore har tana baƙi, ta yi tsawo har ta kwanta da nauyinta.

Na tsuguna na buɗa alkamar. A gefen kowace kunya, daidai inda ruwa ke tsayawa, 'ya'yan tumatir ne a jere kamar an yi musu layi. Har sun fitar da ganye mai yatsu, wanda ko yaro a ƙasar nan ya san ba tsiron kwana uku ba ne. Na damƙi ƙasar na kai hanci, na yar. Na leƙa gonakin maƙwabta masu shan jan famfo, ko ƙwaya ɗaya babu.

Na san mai gonar. Na zauna a kan kunya na daɗe. Wallahi na so a ce ta Lukmanu ce.

*

Bayan an sauko Juma'a zauren mai unguwa ya cika har waje. Jaji na gefe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane kamar mai ƙyanda. Injiniya na bakin ƙofa, Ɗanladi da Lukmanu na tsakiya. Usaini ma ya zo, don na aika masa cewa uban yarinya ya kamata ya ji da kunnensa.

"Dattijo, muna jinka," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, shanun Jaji sun shiga, gaskiya ne. Amma a kan taɓo suka taka, ruwa ya riga su fita. Wayar da filaya aka yanke ta, tun makonni, ana buɗewa ana rufewa duk asuba in Ɗanladi ya taho sahu. Jaji ba shi da filaya."

"Sai ya ara!" in ji Lukmanu.

"Kai kana da ita ai. In faɗi inda tayarka ke kwana, ko za ka yi shiru?"

Ya ja da baya. Wani daga waje ya ce to aikin Injiniya ne ya ci. Na ce na yi wannan zaton ni ma, har na ga gurbin tiyo a cikin gaɓar. Sannan na kwance ƙullin da ke hannuna na zube 'ya'yan tumatirin a tabarma, da ƙasarsu.

"Injiniya, gaya musu abin da kika gaya mini."

Ta faɗa, a taƙaice. Aka yi ta "a'uzubillahi" ana tofar da yawu.

"Waɗannan a gonar alkama na ciro su," na ce. "Gonar da damina shinkafa ce a cikinta, ruwa ya kwana a kai wata da watanni. Ku gaya mini, wane ne a garin nan ya rantse ba zai ƙara shuka tumatir ba tun shekarar da tsutsar sharon ta cinye masa gona?"

Kowa ya sani. Kawuna suka juya a hankali. Usaini na kallon tabarma, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Usaini," in ji mai unguwa, "ka ce ƙarya ne."

"Ba ƙarya ba ne, ranka ya daɗe." Da ƙyar ake jinsa. "Alkamar tana mutuwa a idona, ba ni da halin taki. Mahaifina a bakin kwatar birni ya yi lambu, kullum yana cewa baƙin ruwa shi ne ruwa. Na ga wanda ake ba mu fari tas, na ce an tace amfanin an bar mana sauran. Na ce kaɗan zan ja, ba wanda zai cutu."

Injiniya ta rufe fuska da mayafi. "Malam Usaini, da ka tambaye ni. Da ka tambaye ni kawai."

"Ranar Talata fa?" in ji mai unguwa. "Kana wurin ta ɓalle?"

"Ina wurin."

"Ka ga inda ruwan ya nufa?"

"Na gani."

"Me ka yi?"

"Na tsaya naɗe tiyo. Na ce in ɓoye shi tukuna, sannan in ruga in faɗa. Kafin in isa gida Kubra ta riga ta ɗebo, yarinyar na riƙe da kofi." Sai ya kife a tabarma yana kuka irin na manya, wanda ba shi da daɗin ji.

Lukmanu ya yunƙura zai yi magana, na daka masa harara ya koma. Samarin da ke maganar ashana suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Mai unguwa ya ce maganar ta fi ƙarfin zaure, hukuma zai miƙa wa, amma ya yarda Usaini ya fara zuwa Kura ya gaya wa Kubra da bakinsa, don matar ta daina cewa hannunta ne. Sannan ya juya wajen Jaji.

"Malam Jaji, garin nan ya ɗauki alhakinka. Ka yafe mana."

Jaji ya miƙe, ya saɓa sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya kan Usaini ya dube shi.

"Ka san ba ni ba ne, kana ji ana cewa a ƙone ni."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sa takalmi ya fita, mutane na darewa.

*

Ranar Asabar da hantsi na tafi ruga, ban san abin da zan tarar ba. A hanya na gamu da Iyatu da ƙwarya a ka, ta nufi titi.

"Gari za ki?"

"Allah ya kiyaye. Kura za ni. An ce yarinyar ta tashi zaune tana neman fura." Ta gyara gammo. "Ita ba ta yanke waya ba."

A rugar, bukkokin na nan a kwance. Dirkoki a zube a ƙasa, ba a ɗaure su a jaki ba, ba a kuma kafa ba. Jaji na gindin gawo yana tufka igiya. Na yi sallama na zauna, wannan karon ban yi gigin tsokana ba. Na isar da saƙon mai unguwa, cewa gobe dattawa za su zo da kansu. Ya ci gaba da tufkarsa.

"Kai ma ka ɗaga ƙafar shanuna," ya ce.

"Na ɗaga. Gobe ma in aka ce in duba, zan duba. Da ban ɗaga ba, wa zai yarda da ni a zaure?"

Ya koma kan igiyarsa har na fidda rai. Na fara lissafin yadda kasuwa za ta zama ba shi. Can ya ajiye igiyar, ya miƙe, ya ɗauko dagi daga cikin kayan, ya auna da ƙafa daidai inda tsohuwar dirka ta fita. Sai ya cilla mini dagin a gabana.

"To me kake jira, Babarbare? Ina ka taɓa ganin ubangida na haƙa, bawa na zaune a kan buzu?"

"Kai, ji ɗan nema! Wa ya 'yanta ka?"

Na cire riga na kama haƙa. Idona na ta ruwa, na ce masa warin Matata ne, ya ce ai iskar ba daga can take ba.